Nababa Mai Yatsa Uku

A Unguwar Maikano, arewa da Zakirai, inda gona ke manne da gona har mutum ba ya samun wurin ɗaure jaki sai a kan iyakar wani, an yi wani manomi mai suna Nababa. Gonarsa ba ta kai ta maƙwabta girma ba, gidansa ɗaki uku ne da rumbu biyu, kuma bai taɓa riƙe wata sarauta ba. Abu biyu aka san shi da su. Hannunsa na dama yatsa uku ne. Sannan idan ka zari karta ɗaya daga hannunsa ka duba, ka cusa ta tsakiyar 'yan'uwanta da kanka, sai ka tarar da ita a sama.

Ubansa ya rasu tun yana ƙarami. Uwarsa Hure ce ta raine shi. Ita 'yar Maguzawan Gidan Dokas ce da ta musulunta lokacin aurenta. Ta fi matan unguwar da yawa kiyaye salla, amma har ta tsufa, in aka yi cacar baki a rijiya sai an tuna mata daga inda ta fito. Nababa ya tashi yana jin wannan, shi ya sa tun yana yaro ya saba da zama gefe, ya yi shiru yana kallon mutane.

Da ya kai kamar shekara ashirin sai ya bi samari cin rani Kano. Lokacin gyaɗa na da daraja, ana jera buhunanta dala-dala kusa da layin dogo, nan ya samu dako. Mai gadin filin wani tsohon soja ne, Sama'ilu, wanda ya je yaƙin Bama ya dawo da ɗingishi da tari. Da rana tsaka, in 'yan dako sun zube a inuwa suna shan fura, sai ya ciro karta daga aljihun tsohuwar rigar sojansa. Ba caca yake yi ba. Dabo ɗaya tak ya iya, ya ce wani kuku Ba'indiye ne ya koya masa a cikin jirgin ruwa: ka sa karta a tsakiya, ta hau sama.

Sauran 'yan dako suka kalla sau biyu sau uku suka gaji. Nababa bai gaji ba. Kullum yana tsugune a gabansa.

"Baba Saje, don Allah sake yi."

"Kai ɗan ƙauye, ba ka da aikin yi ne?"

"Sau ɗaya kawai."

Sai da aka yi wata biyu a haka, rannan Sama'ilu ya ja shi bayan buhuna ya nuna masa a hankali. Hannun dama yakan rufe kartar kamar mai daidaita ta, yatsan tsakiya da na kusa da shi su janyo wadda aka zaɓa ta gefe, tafin hannu ya ɗauke ta ya sauke a sama. Ya kama yatsun nan biyu na Nababa ya girgiza, ya ce, "Waɗannan su ne 'yan aiki. Sauran 'yan rakiya ne."

Nababa ya fara kamawa ke nan abin ya faru. Suna lodin babbar mota, sarƙar ƙofar baya ta tsinke, ƙofar ta faɗo da nauyinta a kan hannunsa. A asibiti aka cire yatsu biyu, kuma su ɗin ne, na tsakiya da na kusa da shi. Aka bar masa babban yatsa da manuni da ƙarami, da giɓi a tsakani. Ranar da zai koma gida Sama'ilu ya ɗingiso har tasha, ya tura masa kartar cikin aljihu.

"Dabo dai ya wuce ka, sai haƙuri. Amma ka riƙa juya ta a hannun, kada ya sandare."

Ba su ƙara ganin juna ba.

A gida sai da ya sake koyon riƙon fartanya kamar yaro. Ya ɗaura mata madauri na fata yana zura hannu a ciki, a haka ya yi noman firi da maimai, a hankali, yana bayan kowa. Bayan shekara uku ya auri Barira, mace mai zafin nama wadda ke matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli. Suka haifi tagwaye mata. Hassana ta rasu wajen yaye, Huseina ta rayu, daga nan Allah bai sake ba su ba.

Duk tsawon shekarun nan, in ya dawo daga gona ya yi la'asar, yakan zauna a gindin ɗorawar bayan gida yana juya karta. Da farko don hannun ne, kamar yadda aka ce masa. Sai wata rana ya lura cewa faɗin giɓin nan daidai yake da faɗin karta. In ya matse ta tsakanin manuni da ƙaramin yatsa, tana zama daram kamar an auna. Ya yi wata da watanni yana koyon zaro ta daga tsakiya a haka. Matsalar ita ce, yatsun da ya kamata su rufe ta babu su. Na ɗan lokaci kaɗan, kamar ƙiftawar ido, bayan kartar yakan bayyana ta cikin giɓin.

Sai ya naɗe hannun da tsumma, ya tafi kasuwar Zakirai ya gwada a rumfar masu goro. Bai kai ko'ina ba. Tsumman ya ja idon kowa. Wani mahauci ya cafke masa hannu ya ɗaga sama, kartar ta faɗo ƙasa, aka fashe da dariya. Nababa ya tsince kartarsa ɗaya bayan ɗaya daga cikin ƙafafun mutane, ya kama hanyar gida bai ko sayi gishirin da Barira ta aike shi ba.

Ya yi shekara bai ƙara nuna wa kowa ba. Abin da ya buɗe masa hanya kuwa ba a wajen karta ya same shi ba, a wajen bikin suna ne. An kawo tuwo, ya sa hannu a akushi tare da mutum biyar, sai ya ga duk sun kawar da ido. Wani ya dubi bango, wani ya dubi nasa hannun. Ya daɗe da sanin mutane na yin haka, abin yana yi masa ciwo, amma bai taɓa tunanin zai yi masa amfani ba. Kunya ce ke hana su. Ba a zura wa naƙasar mutum ido, balle yana kallonka.

Kasuwa ta gaba ya koma ba tsumma. Ya nannaɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ya ba wani mai sayar da igiya ya zaɓi karta, ya mayar. Sa'ad da zai ɗora hannun dama a kai, sai ya dubi mutumin cikin ido ya ce, "Malam, daga wane gari?" Mutumin ya ga hannun, ya yi saurin ɗaga kai ya amsa. Duk waɗanda ke tsaye suka yi haka. Kafin idanunsu su dawo ƙasa, aiki ya gama.

Daga nan ya yi ta gyara. Ya gane cewa tambaya ta fi labari riƙe mutum, don dole ya dube ka ya ba da amsa. Ya gane kada ya yi sauri, sauri shi ke tona mai dabo. Ya koyi shafa wa kartar toka mai laushi da damina don kada ta manne. Sunansa ya kai har Ɗanbatta, inda yakan tafi tun ranar Asabar ya shimfiɗa buhu a gindin tsamiya ranar Lahadi. Ana ba shi goro, ko tiyar gero, ko abin da ya sawwaƙa. 'Yan caca sun sha neman sa, bai taɓa amsa musu ba. Amma kallo daban, abota daban. Mutane sukan kewaye shi su yi ta salati suna tafa hannu, in an gama kowa ya kama gabansa. A unguwa ana gaishe shi da kyau, sai dai ba a kiran sa shawara, kuma iyaye sukan janye 'ya'yansu in sun daɗe kusa da shi. Barira kanta ba ta taɓa tambayarsa yadda yake yi ba. Takan ce, "In dai ba haram ba ne, Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da aikinta.

Sai shekarun fari suka zo. Shekarar farko ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi rabin ido. Ta biyu, wadda aka canja kuɗi a cikinta, aka yi shuka sau uku tana ƙonewa. Rijiyoyi suka ja baya har sai an ƙara igiya a kan igiya. Aka sayar da awaki, aka sayar da jakuna, aka koma cin tafasa da dusa. Gyaɗar da Barira ke matsa ta ɓace daga kasuwa. Gidaje suka fara zama kango, wannan ya tafi Kano, wancan ya yi kudu.

Wata safiya Barira ta same shi yana gyaran shingen rumbu, rumbun da babu komai a ciki sai ɓeraye.

"Baban Huseina, yayana ya aiko daga Ungogo. Ya ce mu taho, akwai ɗaki."

"Inna fa? Kin san ba za ta iya tafiya ba. Ko ta iya ma ba za ta yarda ba."

"To yarinyar nan fa? Dubi wuyanta."

Ya dubi Huseina, tana zaune a bakin ƙofa tana tsinkar ganye. Shekararta goma sha uku amma kamar 'yar tara.

"Ku tafi," ya ce. "In ruwa ya sauka sai ku dawo."

Ya raka su har bakin titi da ƙullin kayansu a ka. Aka bar shi da tsohuwa.

Damina ta uku ta zo, hadari yakan haɗu da yamma ya watse. Aka fita roƙon ruwa kwana uku a jere, maza da mata da yara, har da 'yan dabbobin da suka rage. Ko yayyafi ba a samu ba. Mutum in yunwa ta dame shi sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Aka fara da masu ɓoye hatsi, aka gangaro kan wasu mata biyu, daga nan magana ta faɗo kan Nababa. Aka ce a unguwar da ake sihiri a fili, ina rahama za ta sauka? Wani ya ce ai ba abin mamaki ba ne, a duba nonon da ya sha.

Aka kira shi ƙofar gidan mai unguwa bayan azahar. Maza kusan arba'in suna zaune a ƙasa, duk sun rame, idanu sun faɗa. Limamin unguwar, Malam Muntaka, shi ya yi magana. Dattijo ne mai sanyin murya, ba a san shi da zalunci ba.

"Nababa, ni ban ce kai ka hana ruwa ba. Ruwa na Allah ne, shi ke saukarwa, shi ke riƙewa. Amma zukata sun yi zafi, kuma ina tsoron abin da zai biyo baya. In abin nan da kake yi sihiri ne, ka tuba, ka kawo kartar a ƙona. In kuma wayon hannu ne, ka nuna mana yau, kowa ya gani, magana ta mutu."

Nababa ya auna maganar a ransa. Ƙona karta ba wuya, ana samun wata a Kano. Amma in ya yarda aka ƙona, ya amsa ke nan cewa sihiri ne, kuma ya amsa abin da aka faɗa a kan uwarsa, wadda ke kwance a ɗaki tana jan carbi da hannun da ba ya iya ɗaga moɗa.

"Allah gafarta Malam, zan nuna."

Ya zauna a tsakiya. Malam Muntaka bai taɓa karta ba, sai mai unguwa ne ya zaɓa ya mayar. Nababa ya ɗaga hannun dama.

"To, ku dubi hannun nan."

Suka duba, suka kawar da kai.

"A'a, ku dube shi. Kada wanda ya ɗauke ido."

Sai da ya faɗa sau uku. Sannan ya yi a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Kowa ya ga kartar ta zamo ta gefe, ta shiga giɓin, bayanta a fili tsakanin yatsu biyu, ta hau sama. Ya sake yi. Ya kuma sakewa.

"Shekara goma sha biyar ina yin wannan a gabanku," ya ce. "Ba wanda ya taɓa kallon hannuna. Shi ke nan asirin, babu wani."

Can wani daga baya ya ce, "Ashe shi ke nan?" Wasu suka yi 'yar dariya maras daɗi. Malam Muntaka ya ce, "Kun gani. Ba sihiri. Kowa ya riƙe bakinsa." Aka yi fatiha aka watse, ba wanda ya ce masa sannu. Ruwa kuma bai sauka ba sai bayan kwana goma sha tara, shi ma bai kai ƙarshen damina ba.

Labari ya riga shi zuwa kasuwanni. Da ya shimfiɗa buhunsa a Ɗanbatta, mutane kaɗan suka tsaya, kuma duk hannun suka ƙura wa ido, ba kunya, suna nuna wa juna. "Ga ta nan! Ga ta nan ta shiga!" Ya naɗe buhunsa tun kafin azahar. Da can ana ɗan jin tsoronsa, ana kuma mamakinsa. Yanzu babu ko ɗaya, ya zama wani mai guntun hannu da ya daɗe yana yaudarar mutane.

Inna Hure ta rasu da kaka, kakar da ba a girbe komai ba. Bayan sadakar bakwai gidan ya zama nasa shi kaɗai. Ya aika wa Barira, ta zo gaisuwa ta kwana biyu ta koma, ta ce ta fara sayar da ɗanwake a bakin titi, ba ta son wata ta gaje mata wuri. Ta ce ya biyo su. Ya ce gona fa? A ƙasar da ake faɗa a kan taku ɗaya na iyaka, wanda ya bar gonarsa shekara biyu sai ya dawo ya tarar ta tsuke. Ta ce to. Ba su yi faɗa ba, ba a kuma yi saki ba.

Ranakun rani suna da tsawo ga mutumin da ba shi da abokin magana. Yakan dafa abin da ya samu sau ɗaya a yini, ya ci a tsaye. Wani lokaci sai ya ji muryarsa ta dishe in ya zo amsa sallama, don ya kwana biyu bai buɗe baki ba sai a salla. Kartar na cikin wata tsohuwar ƙwarya, ya yi wata huɗu bai taɓa ta ba. Ranar da ya ɗauko ta ma, nema yake ya ga ko gara ta ci. Ta ci bakwai. Ya zauna a gindin ɗorawa da sauran a hannun hagu, yana tunanin mutanen Ɗanbatta da yadda suka zuba wa hannunsa na dama ido. Sai ya tambayi kansa: duk lokacin da suke kallon damar nan, wa ke kallon hagu?

Daga ranar ya fara, kuma wannan ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Dole hagu ita kaɗai ta riƙe kartar, ƙaramin yatsa ya tsare wurin da aka cusa wadda aka zaɓa, sannan rabin ƙasa ya tashi ya hau kan rabin sama, duk a hannu ɗaya, ba ƙara. Hannun noma ne, ya yi kanta, ga yunwa tana sa shi rawa. Kartar takan watse a ƙasa sau hamsin a yini. Ya jingina guntun madubin da Barira ta bari a jikin tushen ɗorawa, shi ne mai kallonsa. Ya yanka kwalin sukari ya cike gurbin waɗanda gara ta ci, ya ga sun fi sauran kauri suna tsayawa, ya zubar. Ya gane cewa da karta kaɗan abin ya fi tafiya, sai ya rage ta zuwa talatin. Ya gane kuma dole juyin ya faru sa'ad da hannun ke sauka kan gwiwa, don babban motsi yana haɗiye ƙarami.

Ruwa ya dawo a shekara ta gaba, aka samu gero. Wadda ta biyo ta kuma gyaɗa ta kuturce a gonaki, ganye ya nannaɗe, ba a cire ko iri ba. Waɗanda suka yi niyyar dawowa gida suka fasa. Nababa ya yi shekara biyu da rabi kafin madubi ya daina kama shi. Amma ya san da saura, don in damar tana sake, mai wayo zai iya raba ido biyu. Abu na ƙarshe da ya ƙara shi ne ya miƙa wa mai kallo hannun daman ya riƙe da hannu biyu, ya matse yadda yake so. Wannan kam ba a gwada shi da madubi.

Ya tafi Ungogo da kartar a aljihu. Ya tarar Barira ta yi ƙiba kaɗan, tana da rumfa da benci biyu, Huseina ta zama budurwa tana zuba wa leburori ɗanwake. Suka yi murna da ganinsa, aka ba shi tabarma da abinci. Ya zauna yini guda yana jiran su sami sarari. In wannan ya tashi sai wancan ya zauna. Da la'asar Huseina ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, a ƙaro?" Ya sa hannu a aljihu, sai aka ƙwala mata kira daga rumfa. Washegari ya hau mota ya koma, kartar ba ta fito ba.

Wanda ya fara gani, Malam Muntaka ne. Tsufa ya kama shi, ƙafafu sun kumbura, wani ke jan salla. 'Ya'yansa maza duk fari ya kore su birni. Nababa ya je duba shi wata ranar Alhamis da hantsi, ya same shi shi kaɗai a zaure a kan buzu. Bayan gaisuwa sai dattijon ya ce:

"Nababa, na karya maka sana'a. Na sani tun a ranar. Ban ga wata hanya ba ne."

"Ba komai, Allah gafarta Malam. Da ba ka yi haka ba, da abin ya fi haka muni."

"Ka bari ke nan gaba ɗaya?"

Nababa ya ciro kartar. Malam ya yi murmushi ya ce shi fa bai taɓa taɓa wannan abu ba tun da aka haife shi. Nababa ya ce ba sai ya taɓa ba, ya nuna da tsinke. Malam ya nuna wata ja mai ɗigo huɗu. Aka cusa ta a tsakiya yana kallo.

"To, Malam, riƙe hannun nan. Ka san ta inda take bi. Kada ka sake shi."

Dattijon ya kama hannun da nasa biyu. Tafinsa da ɗumi. Ya juya shi, ya shafa tabon da babban yatsa, ya ce, "Ashe haka wurin yake. Ya yi zafi sosai a lokacin?"

"Ya yi, Malam."

Tun da aka sallame shi daga asibiti ba wanda ya taɓa riƙe hannun nan haka, har Barira. Saura kaɗan Nababa ya manta abin da ya kawo shi. Ya sauke hagu a kan gwiwa.

"Buɗe ta sama."

Malam ya ture ta da tsinke. Ja ce mai ɗigo huɗu. Ya dubi kartar, ya dubi hannun da har yanzu ke cikin nasa, ya yi salati, sannan ya kama dariya har tari ya sarƙe shi.

"In nuna maka yadda ake yi?" in ji Nababa.

"A'a. Wannan kam bar mini ita haka."

Nababa ya riƙa zuwa duk Alhamis har Malam ya rasu bayan wata biyar. Daga nan bai nuna sabon dabon ga mutane da yawa ba. Kasuwa ta canja, rediyo ta yi yawa, matasa sun ga sinima a birni, ba mai tsayawa kallon tsoho da karta talatin. Da aka tashi auren Huseina ya je Ungogo ya karɓi gaisuwa ya dawo. Barira takan aiko masa da yadin ɗinki da man shafawa duk salla, shi kuma ya aika mata da gero in an yi kaka. A haka suka tsufa, kowa a inda yake.

Mutum ɗaya ne ya taɓa neman koyo. Sabo sunansa, direban motar haya da ke bin hanyar Ɗanbatta, magidanci mai son raha. Motarsa ta lalace kusa da unguwar, ya shigo neman ruwa, hira ta kai su ga karta. Da ya gani sai ya rantse ba zai bar wannan abu ya wuce shi ba. Nababa bai ɓoye masa komai ba. Ya nuna masa na farko, ya nuna masa na biyu, ya kama yatsunsa yana jera su. Sabo ya zo Juma'a uku a jere bayan masallaci. Na farkon bai yiwu ba, don yatsunsa biyar ne cif, ba inda karta za ta zauna. Na biyun kuma ya tambaya kwana nawa zai ɗauka.

"Ni shekara biyu da rabi na yi," in ji Nababa. "Amma ni ba ni da abin yi a lokacin. Kai ƙila ka fi ni sauri."

Sabo ya yi dariya ya ce to, sai Juma'a mai zuwa. Ranar Nababa ya share gindin ɗorawa, ya shimfiɗa tabarma, ya sayo goro biyu. Ya zauna har inuwa ta juya. Ya yi haka Juma'a huɗu, sannan ya daina sayen goron.

Nababa ya rasu da bazara, shekara tara bayan haka, a ɗakinsa. Wani maƙwabci ne ya lura bai fito sallar asuba ba, bai fito ta azahar ba, ya tura ƙofa. Kafin saƙo ya kai Ungogo an riga an kai shi makwancinsa, don zafi ya yi yawa ba a iya jira.